Matar da Ta Zubar da Kwandon Zare

'Yar Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da aikinki. Mu nan sai godiya. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, kunne kuwa kin san shi, shi ya sa har yau ban yarda da waya ba: ke kina can kina ihu, ni ina nan ina ta "na'am?" Babanku yana gaishe ki.

Tikitin da kika aiko ya iso, kuma na je. Na sa kayana masu kyau, na ja maƙwabciyata mai kitso, muka hau matakalar nan mai tafiya da kanta har saman kanti inda silimar take. Don ke na je, tunda kin ce hannunki na cikin kayan da 'yan wasan suka sa. To, na gani. Yanzu ki gyara zama ki saurara, don tun ranar abin yake cina.

Wai wannan ne kuke kira sabon fim ɗin masaƙa? Wace masaƙa ce ƙasanta ke ƙyalli kamar asibitin masu hali? A tsohon fim ana ganin ƙurar auduga tana yawo cikin haske, ta kwanta a gira, ta kwanta a kafaɗa, mata na waƙa suna tari. A naku ko atishawa babu wanda ya yi. Yarinyar da kuka ba matsayin jaruma na yarda kyakkyawa ce, amma da waɗannan faratan za ta ƙulla zaren da ya tsinke? Ta gwada mana in gani.

Waƙoƙin kuma kun sa musu gudu kamar ana korarsu. Waƙar tashi daga aiki, wadda a da ake janta a hankali saboda masu yinta a gajiye suke, yanzu ta koma ta tsalle-tsalle. Wa ya taɓa wuni a tsaye gaban inji sannan ya hau tebur yana juyi? Ni da ba na ji sosai sai da ganga ta riƙa dukan ƙirjina. Ƙarshen ma ba ku bar shi ba. A da an rufe masaƙa, saurayin ya tafi neman aiki, ita ta tsaya a bakin ƙofa, kowa ya share ido. Ku kuma sai ga shi ya dawo a mota ya saye masaƙar gaba ɗaya. A ina ya samo? Mai kitso har tafi ta yi, na ce ta rufa mini asiri ta sauke hannunta.

Duk wannan da sai in haɗiye. Abin da ba zan yafe ba shi ne waƙar matakala. Kin san wurin. Mata na saukowa a jere suna amshi, wata doguwa a tsakiya ɗauke da kwandon zare, kwandon ya suɓuce, dunƙulen zare suka yi ta gangarowa, ta rufe baki tana dariya, sauran kuma ba su fasa waƙa ba. Uwarki ke nan. Ba 'yar wasa ba ce, ma'aikaciyar masaƙar ce, aka ce su tsaya bayan jaruma su cika wuri. Ba ta bar mana hoto ko ɗaya ba, ta rasu kina goye, wannan ɗan wurin shi ne duk abin da muke da shi. Sau nawa na tsayar da kaset na ɗora yatsanki a kan gilashin talabijin ina ce miki ga Mama?

Na zauna ina jira, na damƙe hannun mai kitso na ce yanzu za ki ga wurin Yaya. Sai ga wasu sirarran 'yan mata, tsayinsu ɗaya kamar da almakashi aka daidaita su, suna saukowa suna wurga ƙafa. Babu kwando, babu zare, babu dariya. Kina wurin aka yi wannan? Kina riƙe da allura kina kallo aka share uwarki?

Ina jiran amsa, kuma ba ta layi biyu ba.

Innarki

* * *

Inna,

Na amsa gaisuwarki, ina miki sannu da gwiwa. Ki daina hawa matakala mai tafiya da kanta, akwai lif a gefe. Ni lafiya ƙalau, sai ɗan mura. Ki gaishe mini da Baba da mai kitso, ki ce mata na gode da tafin.

A ɗakin ɗinki na karanta wasiƙarki. Farkonta na yi dariya har abokan aikina suka leƙo, ƙarshenta kuma ban yi ba.

Bari in kare kaina. Kayan da kika gani ni na tsufar da su. Sabon yadi ake kawo mana, mu ɗinka, mu jiƙa shi a ruwan shayi, mu gurza wuya da bakin aljihu da samfefa har su ci. Na ɗauka za ki lura ki yaba, sai kika tsaya kan faratan mutane. Batun faratan dai kin yi gaskiya, mu ma mun yi gunaguni.

Amma Inna, ki yi wa sabon adalci. A tsohon, ranar da aka rufe masaƙa jarumar ko uffan ba ta ce ba, manaja da saurayin ne suka yi ta magana a kanta tana tsaye kamar turmi. A namu ta shiga ofis ta rera wa manaja abin da ke ranta. Ke da ba a taka ki ki yi shiru, na yi zaton wannan zai burge ki. Sannan tsohon bai rubuta sunan mace ɗaya daga cikin matan masaƙar ba, har da Mama. Namu ya rubuta na kowa, har mai dafa mana shayi. Nawa ma yana nan, amma na san kafin a kai wurin kin figi jaka kin fice.

Maganar kwando kuwa ban yi shiru ba. Na tare darakta a hanya, shi da ba ya son a tare shi, na ce masa matar kwandon nan uwata ce, a taimaka a bar wurin. Ya ce Allah sarki. Sannan ya ce ai kuskure ne aka yi a lokacin, aka bar shi saboda ba su da halin sake ɗauka, shi kuma ba zai kwaikwayi kuskure ba. Mai ɗinki ce kawai ni a wurin, sai na koma kan kekena. Ranar na karya allura ba ɗaya ba.

Ga abin da zai sanyaya miki rai. Kamfanin ya samo asalin faifan tsohon fim ɗin a wani sito, an wanke shi, an gyara hoto da sauti. Mako mai zuwa za a haska shi a babban allo, an kuma gayyato matan masaƙar da suka rage a raye. Inna, zan ga fuskar Mama tar, ba cikin dishi-dishin kasetinmu ba. Tun da aka faɗa nake rasa abin da zan sa ranar, kamar wadda za ta je gaishe ta. Ina dawowa zan rubuto miki komai.

'Yarki

* * *

'Yar Yaya,

Gaisuwa. Muna lafiya, in ma kin damu ki sani. Gwiwar ta ɗan lafa, Babanku ne yanzu ke fama da haƙori.

Wata biyu ke nan da kika ce "ina dawowa zan rubuto". Ko har yanzu ba ki dawo ba ne? Kullum sai na aika a duba akwatin gidan waya, har ma'aikacin ya fara yi mini kallon tausayi.

Tunda ba ki da abin faɗa, ni ina da shi. Ashe ɗinkin da na ɓata shekaru ina koya miki, don ki riƙa jiƙa sabon yadi a shayi ne? Mu da muke toshe ɓula don kada a gani, ke ana biyanki ki ɓula! Matan tsohon fim da kayan jikinsu suka fito, ba wanda ya gurza musu wuya, aiki ne ya gurza. Shi kuma daraktanku, ki gaya masa na ce Yaya ba kuskure ba ce. A duk fim ɗin wurin nan kaɗai ne mutum ya yi dariyar gaske. Shi a nasa ya nuna mini guda ɗaya.

Ita jarumar taku da ta shiga ofis tana waƙa, na ji. Amma a zamaninmu wadda ta yi haka ko ƙofa ba za ta kai ba maigadi ya fito da ita. Shirun waccan ya fi mini gaskiya. Yaran layinmu yanzu sabuwar waƙar suke yi, da gudu, da tsalle. Na kira su na rera musu ta asali, suka ce wai na ja ta kamar mai jin barci.

Wannan ya sa na yanke shawara. Kasetinmu ya fara ci, wurin matakalar har rawa yake yi saboda yawan tsayarwa. Mai hoton bakin titi ya ce zai iya ciro wurin ya faɗaɗa shi ya sa a firam. Biyu zan sa a yi, ɗaya a falo, ɗaya naki. In duniya ta manta da Yaya, bangon gidana ba zai manta ba.

Yanzu ki faɗa mini, yaya kika gan ta a babban allo? Kin ga kamar da nake ce miki kuna yi?

Innarki

* * *

Inna,

Ina gaisuwa, ina yi wa Baba sannu da haƙori. Ni lafiya lau. Ki yi haƙuri da shiruna, abubuwa ne suka yi mini yawa.

An haska fim ɗin, na gani.

Ina roƙonki abu ɗaya. Ki dakata da maganar mai hoto, kada ki rataya komai tukuna. Kuma don Allah ki daina nuna wa baƙi wurin nan kina cewa uwata ce. Idan na samu natsuwa zan yi miki bayani.

'Yarki

* * *

Ke,

Gaisuwar ma da ƙyar nake rubuta ta. Muna raye.

Na karanta 'yar guntuwar takardarki a tsaye, sai da na nemi kujera. Na ba Babanku ya karanta ko idona ne, ya karanta ya ajiye ya fita.

In daina cewa uwarki ce. To, na gane. Kin shiga cikin manya, masu farata da masu gilashin ido, an haska muku Yaya a babban allo da tsohuwar rigarta da ƙurar auduga a ka, tana zubar da kayan mutane, sai kunya ta kama ki. A ƙaramin talabijin ɗinmu uwa ce, a babban allo kuma ta zama abin ɓoyewa. Haba! Da wannan aikin masaƙar aka sayi zanen da aka goya ki. Ƙurar nan da daraktanku ya share daga fim ɗinsa ita ta shiga ƙirjinta ta kai ta ƙasa. Shi bare ne, in ya share ta ba zan yi mamaki ba. Amma ke?

Ashe shi ya sa kike ta yabon sabon. A can kowa tsaf, ba mai tari, ba mai tuntuɓe, talaka ma sai an jiƙa masa riga a shayi kafin ya yi kama da talaka. Ki zauna da su. Ni ban taɓa jin kunyar 'yar'uwata ba, ranar da na fara kuwa a haƙa mini rami.

Na riga na kai wa mai hoto kaset. Zan rataya ta inda duk wanda ya shigo sai ya gaishe ta kafin ya gaishe ni. Naki firam ɗin kuma zan ajiye, ko wata rana 'ya'yanki za su fi ki sanin darajarta.

Ban raine ki don haka ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, ki sani.

Ƙanwar uwarki

* * *

Inna,

Ina gaishe ki, ko da ba za ki amsa ba. Jikina lafiya, amma tun da wasiƙarki ta zo ban iya zama kan keke ba.

Kunya, Inna? Ni? Babu wanda ban gaya wa ba a wurin aikin nan cewa matar kwando uwata ce. Masu kwalliya sun sani, masu fitila sun sani, har maigadi ya sani. Na so in lallaɓa ki ne shi ya sa na taƙaita, tunda kuma kin zaɓi ki yanke mini hukunci, to ga abin da ya faru, ki ji shi yadda ni ma na ji shi.

Ranar da aka haska fim ɗin an zaunar da tsofaffin matan masaƙar a layin gaba. Ni ina bayansu, abokan aikina na gefena suna zungurina, ana ta cewa saura kaɗan mu ga Mamarki. Aka zo waƙar matakala. Kwando ya suɓuce, zare ya gangaro. Sai wata doguwar tsohuwa a gabana ta ɗaga sandarta sama ta ƙwala ihu: "Ni ce! Ni ce wannan sakaryar!" Zaure ya ɗauki dariya da tafi. Abokan aikina ba su yi tafi ba, ni suka juyo suna kallo.

Na ce a raina ruɗewar tsufa ce. Amma hoton ya fito tar, Inna, ba kamar namu ba. Matar kwando tana da wushirya da tabo a girar dama. Da aka kunna fitila tsohuwar ta juyo tana dariya, hannu a baki, ga wushirya, ga tabo. Dariyar nan da na taso ina kwaikwayo gaban madubi don in yi kama da uwata, ga mai ita zaune tana neman takalminta a ƙarƙashin kujera.

Na ƙarasa wurinta, na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata sunan Mama. Sai ta ce, "Mai injin bakin taga? Mai tsiwar nan? Ke 'yarta ce?" Ta kama fuskata da hannu biyu tana shafawa. Na ce, "Mamata tana cikin fim ɗin kuwa?" Ta ce, "Ƙwarai. A ƙasan matakala aka tsayar da su, can gefen hagu. Ai a ƙafarsu zarena ya ƙare."

Na ce mu a kasetinmu babu kowa a ƙasan matakala. Mutumin da ya gyara hoton fim ɗin yana wurin, shi ne ya warware mini. Ya ce asalin fim ɗin mai faɗi ne, da za a mayar da shi kaset sai aka datse gefe da gefe don ya shiga talabijin irin na da. Na koma na duba. A gefen hagu akwai mata huɗu suna amshi, waɗanda ba mu taɓa gani ba. Duk shekarun nan Mama tana tsaye a wajen gilashin, mu kuma muna ɗora yatsa a kan wata.

Na roƙi tsohuwar ta nuna mini wacce ce a cikinsu. Ta ƙura ido ta ƙura, ta ce, "'Yar nan, idona ya daina rarrabe fuska. Ni ma kwandona na gane, ba kaina ba." Sauran tsofaffin ba a sashe ɗaya suka yi aiki da Mama ba.

Ga inda nake. Uwar da na sani ta wasu ce, da 'ya'yanta da jikokinta. Tawa tana cikin mutum huɗu, ban san wacce ba. Na kalle su har na haddace su, kowacce na kalla sai in ga kamar hancina ne. Wannan ne ya hana ni rubutu, ba manya ba, ba farata ba. Ta yaya zan fara gaya miki?

Kuma ni ma ina da fushina, tunda ranar faɗar gaskiya ce. Ke kika ɗora yatsana a wurin. Me ya tabbatar miki ita ce?

Na sa faifan da aka gyara a cikin ambulan ɗin nan. A duniya ke kaɗai kika rage da za ki iya gane ta. Ki duba mini, Inna.

'Yarki, ko kin so ko kin ƙi

* * *

'Yar Yaya,

Na gaishe ki. Lafiyarmu ƙalau.

Ƙarya tsohuwar nan take yi. An tara mutane, an kunna fitila, ta ga wurin suna ta ɗaga sanda. Wushirya a kanta aka fara? Tabo kuwa wa ya san lokacin da ta same shi? Su masu gyaran hoton ma ban yarda da su ba. Mutanen da suka iya mayar da masaƙa asibiti, sauya fuska zai gagare su?

Kin tambayi abin da ya tabbatar mini. Yaya da bakinta ta ba ni labari. Ina 'yar makaranta ta dawo ranar tana dariya har da riƙe ciki, ta ce yau ana tsakiyar waƙa kwando ya kife, zare ya cika matakala, mai ɗaukar hoto ya ce kada wanda ya tsaya. Mahaifinmu ba ya barinmu zuwa silima, ban ga fim ɗin ba sai da ya fito a kaset, lokacin ta daɗe a ƙasa. Na zauna ina nemanta a cikin matan, sai ga doguwa, ga kwando, ga dariya. Na ce ga Yaya. In ba ita ba ce, wa zai zama?

Na tsaya nan na ajiye biro na daɗe. Ina ta juya maganarta a kaina. Cewa ta yi kwando ya kife. Ina neman inda ta ce "kwandona", na rasa.

Faifanki yana cikin aljihun keken ɗinki, ban taɓa shi ba. Ba ni da na'urar da ke cin irinsa, kuma ba na nema. Maganar kunya da na yi miki na janye, wannan kam na zalunce ki. Amma kada ki matsa mini. Kin ce ni kaɗai na rage. To idan na duba matan nan huɗu ban gane ta ba fa? Rabona da fuskarta tun kafin ki yi haƙori. Idan na rufe ido in tuno ta, matar kwando nake gani. Tsoro nake ji, ga gaskiyar.

Innarki

* * *

'Yata,

Gaisuwa mai yawa. Ban jira amsarki ba. Lafiyata lau, sai muryata da ta dishe, za ki ji dalili.

Jiya da hantsi na ɗauki faifan na tafi shagon mai gyaran talabijin na ƙarshen layinmu. Ya share mini benci a tsakanin matattun akwatunansa, ya sa shi a wani allo mai faɗi da aka kawo gyara. Na ce ya wuce da komai ya kai ni matakala.

Tsohuwar ta yi gaskiya, ki ba ta haƙuri a madadina. Fuskar na fitowa na san ban taɓa cin abinci kwano ɗaya da matar nan ba. Na ce wa mai gyara ya tsayar, ya matso mini da gefen hagu. Mata huɗu. Na duba ta farko, na duba ta biyu, ban san su ba. Na duba sauran, su ma haka. Na fara lalubar jakata in tashi. Abin da nake tsoro ya faru.

Ina miƙewa idona ya sauka a ƙirjin ta ukun. Rigar sanyi ce a jikinta, mai ƙananan maɓallai, sai na biyu daga sama ƙato, baƙi, irin na kwat ɗin maza, an ɗaure shi da farin zare, ɗinkin duk a karkace.

Rigata ce! Rigar makarantata! Ni na ɗinka maɓallin nan da hannuna, daga tsohon kwat ɗin mahaifinmu na ciro shi, shi ne ɗinkina na farko a duniya. Rigar nan ta ɓata a lokacin, aka juye gida ba a gan ta ba, na sha duka wurin mahaifinmu a kan sakaci, na yi sanyin shekarar nan ina karkarwa a aji. Yaya kuwa har taya ni nema ta yi! Ta leƙa ƙarƙashin gado, ta ce in tuna inda na ajiye. Ashe ɗauka ta yi don ta yi kyau a fim, ta kuma mance ta a masaƙa ko ta ba wata, Allah kaɗai ya sani.

Na ce ya saki hoton ya tafi. Zare ya gangaro ya bugi ƙafarta, ba ta ko kalli ƙasa ba, ta take shi, ta ɗaga haɓa ta ci gaba da waƙa. Nan fuskar ta dawo mini gaba ɗaya. Gajera ce ashe, 'yar nan. Ni ce ƙarama a lokacin, shi ya sa nake ganinta doguwa. Goshinki ne sak, da yadda kike ɗaga haɓa in an ɓata miki rai.

Ban san lokacin da na hau ta da faɗa ba. Na ce ɓarauniya, maras kunya, kina kallo aka dake ni! Na nuna ta da yatsa ina zagi ina kuka, masu wucewa suka tsaya a ƙofar shago. Mai gyara ya ce, "Mama, ko in kashe?" Na ce ka kashe ka gani. Haka ya yi ta mayarwa ina yi mata tas har muryata ta tafi.

Ta uku daga gefen hagu, mai ƙaton maɓalli. Ita ce uwarki. Ki je ki duba ta.

Sabon fim ɗinku har gobe bai yi ba, kada ki ɗauka na sauko. Amma ki nemi hutu ki zo, akwai labaranta da yawa da suka dawo mini tun jiya, ba kuma duka ne masu kyau ba. Ban san haka na yi kewar faɗa da Yaya ba.

Innarki